Mai Jan Ƙyalle Ta Tafi Tsafe

Baba yana da magana ɗaya da yake yi wa duk wanda ya sayi kaya a shagonsa. Zai miƙa maka kayan da hannu biyu, ya dube ka cikin ido, ya ce, "Tahi da shi, kayana bai dawowa." Tun yana gyaran rediyo a bakin kasuwar Gusau, kafin a haife ni, da wannan magana aka san shi, kuma babu wanda ya taɓa kawo masa abu ya ce ga ƙaryarka. Ba shi da mota, gidanmu na Damba ma rabinsa ba a yi masa filasta ba. Maganar nan ita ce dukiyarsa.

Da rediyo ta fara ja da baya sola ta shigo gari, sai ya koma sayar da fanel da batir da kwantirola. Kwantirola wani ɗan akwati ne da bai wuce tafin hannu biyu ba, ana sa shi tsakanin fanel da batir. Babban aikinta ta datse wuta idan batir ya ƙoshi. In ba ta datse a kan lokaci ba, batir zai yi ta ci har ya kumbura ya mutu, kuma batir shi ne mai tsada. Matsalar ita ce a kwali guda za ka sami masu kyau da marasa kyau, fuska ɗaya, fenti ɗaya. Gwajin Baba kuwa na rediyo ne: ya jona, ya ga fitila ta kama, ya ɗora tafin hannu ya ji ko da zafi, ya kai hanci ya shinshina. Rediyo in ba ta da lafiya kunne zai gaya maka. Kwantirola ba ta magana, sai bayan ta kashe batirin mutane.

Ni ce 'yarsa da ta karanta harkar lantarki, kuma da na gama makaranta na dawo da kaina cike da dabara. Na share ɗakin cikin shago, bayan labule, na haɗa na'urar gwaji. Wani katako ne na kafa masa allurai na tagulla daidai inda wayoyin kwantirola suke shiga, da akwatin ba da wuta wanda kwamfuta ke iya juya shi, da tsohuwar kwamfutata ta makaranta. Na rubuta mata jerin umarni. In na ɗora kwantirola na danna, sai ta fara ƙara wuta sannu a hankali kamar batir ne ke cika, tana aunawa, tana jiran inda kwantirolar za ta datse. In ta datse a wajen bolt goma sha huɗu da ɗigo huɗu, allo ya yi kore. In ta yi gaggawa ko ta wuce, allo ya yi ja. Abin da da sai ka wuni a rana kana gadin batir, yanzu kafin shayi ya huce an gama.

Sai dai na'urar tawa ta talaka ce. Ɗan allon lantarkin da ke yin awon mai araha ne, in ɗaki ya yi zafi sai lissafinsa ya ɗan goce. Don haka na nemo kwantirola guda mai kyau, na kai ta ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu aka auna min ita da babbar mita, na tabbatar tana datsewa daidai. Na ɗaura mata jan ƙyalle na rataye ta a ƙusa. Kowace safiya na'ura da ita take farawa: ta auna mai jan ƙyalle, ta gyara lissafinta a kanta, sannan ta shiga auna sauran. Kamar dai mudun da aka yarda da shi a kasuwa, wanda ake gwada sauran mudu da shi.

Na kira Baba na nuna masa, na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce, "Baba, don Allah kar kowa shi taɓa wagga. Duk shagon nan ita ɗai na tabbata da ita, ba ko shakka." Ya gyaɗa kai, ya maimaita, "Ita ɗai." Na ji daɗi ya gane. Daga ranar ya ƙara wa maganarsa jela, yana cewa masu saye, "Ɗiyata ta gwada da kwamfuta, bai dawowa."

Ana dab da azumi, zafi ya fara gasa mutane, wani mai haɗa sola daga Bungudu ya zo. Ya karɓi aikin masallacin unguwarsu da wasu gidaje, kowa yana son fanka da fitila kafin a ga wata. Ya ce yana son kwantirola masu yawa, Baba ya yi masa alkawari, aka kawo kwalaye daga Kano. Ni kuma a daidai lokacin aka yi haihuwa a gidan kawuna a Kwatarkwashi, na tafi suna. Kwana kaɗan na yi.

Da na dawo na kunna na'ura, ta auna mai jan ƙyalle kamar kullum, na ɗora ta farko. Ja. Na ɗora ta biyu. Ja. Na buɗe wani kwalin, ja, ja, sai can guda ta yi kore, sannan aka koma ja. Allo yana ce min duk suna datsewa da wuri, tun batir bai cika ba. Na ce to, mutanen Kano sun haɗa mu da shara. Na sa Baba ya kira su, mutumin ya rantse ya maya cewa kayan da ya saba aiko mana ne. Na ɗauko wasu tsofaffi da na gwada da hannuna kafin tafiyata, waɗanda suka yi kore sarai, na sake ɗora su. Su ma ja.

Nan hankalina ya tashi. Na zargi zafi, na kawo fanka na saita wa na'ura ni ina zufa. Na zargi alluran, na goge su ɗaya bayan ɗaya. Na narkar da dalma na sake liƙe kowace waya har na ƙona ɗan yatsa. Na karanta umarnin da na rubuta daga sama har ƙasa, na sake daga ƙasa har sama, na canja abin da ba shi da laifi, na ɓata abin da yake daidai, na dawo na gyara. Mita biyu ce a shagon, duk na kasuwa, na jona su a wuri ɗaya kowace ta faɗi nata ra'ayin. Abu ɗaya ne ban zarga ba, mai jan ƙyalle, don tana nan a ƙusarta da ƙyallenta. Duk wannan bidiri Baba yana zaune a gaban shago yana ɓare goro. In na fito ina huci ya ce, "Allah shi kyauta," ko a jikinsa.

Mutumin Bungudu kuwa ya hana mu sakat. Kullum waya, kullum "an kusa ganin wata". Ƙarshe ya zo da kansa ya ce a ba shi ko 'yan waɗanda suka yi kore ya fara da masallaci. Na tattara su na ba shi, ina ma alfahari cewa na tace masa na ƙwarai daga cikin tarkace. Baba ya miƙa masa da hannu biyu, ya yi masa maganar da ya saba.

Ba a jima da fara azumi ba ya kira. Ina jin muryarsa daga bayan labule don ba a hankali yake magana ba. Batirin masallaci ya kumbura, ɗakin ladan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, fanka ta tsaya ana tsakiyar tafsiri. Wani gida ma batirinsu ya fara zafi ya cire musu. Baba ya ce, "Inna lillahi," ya ajiye wayar a hankali.

Na koma ciki na zauna ina lissafi. Masu kore su ne masu wuce gona da iri, masu ja ke nan su ne lafiyayyu. Na'ura ba za ta juya gaskiya haka ba sai in mudun ne aka canja. Na ciro mai jan ƙyalle daga ƙusa, na dubi ƙullin. Ni ɗaurin zariya nake yi, mai saurin kwancewa. Wannan kuwa an nannaɗe shi sau biyu an cusa bakin a ƙasa, yadda tun ina yarinya nake ganin ana ɗaure wayar eriya a shagon nan. Na juya bayanta. Ɗan karcen da na yi wa tawa da bakin sukundireba babu shi.

Na fito da ita a hannu. Da azumi a bakina, don haka na yi ƙoƙari muryata ta zauna.

"Baba, wagga ba tawa ba ce. Ina tawa?"

Ya dube ta, ya dube ni. "Af, waccan? Tana Tsahe."

"Tsahe? Mi ta tai yi Tsahe?"

Sai ya ba ni labari a tsanake, kamar wanda ke ba da labarin daminar bara. Amininsa na Tsafe da muke kira Malam, wanda suka yi yarinta tare, ya zo ranar da nake Kwatarkwashi. Matarsa ba ta da lafiya, tana kwance, zafi yana hana ta barci, 'ya'yansa sun haɗa masa fanel da batir, saura kwantirola. Baba ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba, ya shiga ciki ya ɗauko masa.

"Ga kwalaye nan cike, Baba! Mi yas sa sai ita?"

"Ke da bakinki kinka ce ita ɗai kinka tabbata da ita," in ji shi. "To wacce zan ba shi? Wadda ba ki sani ba?"

Na ce, "To ƙyallen hwa?"

"Na ga kina son ƙyallen ne. Sai nic cire na ɗaura ma wata, don kar ki dawo ranki shi ɓaci. Ai duk uwa ɗaya uba ɗaya suke, kwali guda."

Wallahi da wani ne ba Baba ba, da na yi abin da zai karya min azumi. Na yi masa bayani, wannan karon da ƙarfi, cewa wadda ya ɗaura wa ƙyallen tana cikin marasa kyau, ba ta datsewa sai wuta ta yi yawa. Na'ura ta ɗauke ta a matsayin gaskiya, duk mai irin halinta ta ce kore, duk lafiyayya ta ce ja. Ina magana ina ganin abin yana sauka a fuskarsa. Bai yi musu ba. Ya ce, "Ashe," ya sunkuyar da kai.

Na ce abin mai sauƙi ne, a kira Malam a Tsafe a ce ya aiko ta a mota, mu ba shi wata. Nan Baba ya ɗago. Ya ce ko da shagon zai rufe, ba zai aika a amso kyautar da ya yi ba, kuma na san abin da aka ce game da mai kyauta ya dawo ya karɓe. Na ce aro ne, a mayar. Ya ce ba ya aron kyautarsa. Na kira makarantarmu ko za a auna min wata, aka ce ana yajin aiki, mai riƙe da makullin ɗakin ya tafi garinsu. Ga kwalaye cike da kayan da ban san na ƙwarai ba, ga mutanen Bungudu suna jira cikin zafi, ga mudu guda a duniya yana manne a bangon wani tsoho a Tsafe.

Tunda ba za ta zo ba, ni na je. Na naɗe katako da akwatin wuta da kwamfuta a cikin tsohon bargo, na cika jaka da kwantirola, na nufi tasha. Sai da na yi faɗa da direba don ya nace sai ya ɗora buhun albasa a kan kayana, wai ai katako ne. Ƙarshe a cinya na riƙe su har Tsafe. Hanyar kuwa kowa ya san yadda take a shekarun nan saboda 'yan bindiga, mota shiru, kowa da addu'arsa, ni kuma rabin addu'a rabin mita.

Malam ya tarbe ni kamar an aiko masa da sarauta. Aka gaisa, aka tambayi Baba, aka tambayi Inna, aka tambayi kowa na Damba har da waɗanda suka tashi daga unguwar. Ban isa in ce sauri nake ba. Sannan ya kai ni ɗakin matarsa. Tana kwance a kan katifa a ƙasa, ta rame ƙwarai, wata 'yar fanka tana kaɗa mata mayafi. A bango saman kanta ga kwantirolata, an kafe ta da ƙusa, har an yi mata 'yar rumfa da kwali don kar ƙasa ta zubo mata.

"Tun da babanki yab ba mu abin ga nike barci," in ji tsohuwar. "Allah shi yi mai albarka."

Na ce amin. Na ajiye duk jawabin da na tsara a mota. Na dai ce ina so in ɗan duba ta, kuma sai na kashe fankar. Ta ce, "Kashe, ɗiyata." Malam ya zauna kusa da ita da mafici yana yi mata fifita, aka jawo min wuta daga shagon mai cajin waya na ƙofar gida, na baje kayana a tabarma. Na'ura ta auna tata ta gaskiya, ta gyara lissafinta. Na ɗora ɗaya daga cikin waɗanda na yi ta zagi. Kore. Na ɗora wata, kore. Na ɗora mai ƙullin Baba, allo ya yi jan da ya kamata ya yi tun farko. Na zaɓi biyu da suka datse daidai da ta bango, na yi musu karce a baya.

Malam ba yaro ba ne, ya ga yadda nake lallaɓa abin. Ya ce, "Halan dai wagga ta aikinki ce yab ba ni? In haka na, ɗauki abinki, ki sa muna wata." Na ce a'a, Baba ya ba ku, taku ce. Na mayar da ita bango na ɗaure wayoyin, fanka ta tashi. Haushin bai tafi ba, amma na daina neman wanda zan sauke wa.

Washegari muka tafi Bungudu ni da Baba da kwantirola masu kyau, da sabon batir da ya ɗauko daga shago. Mun isa an idar da la'asar, mutane suna zaune a inuwar masallaci, kumburarren batirin yana ajiye a ƙasa kowa yana kallo. Ni na tsaya daga gefe. Mai haɗa solar, wanda shi ma ya sha surutun jama'a, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ni dama ban yarda da gwajin kwamfutan ga ba. Da da hannunka kag gwada, Baba, da ba a yi haka ba."

Na taka gaba. Kafin in ce wani abu Baba ya ɗaga hannu.

"Na'ura ba ta yi ƙarya ba," ya ce. "Ni niy yi mata ƙarya. Yarinya ta hwaɗa min kar in taɓa, nit taɓa. Ku ba ni kayana in koma da su."

Ya bi gidajen da kansa, aka ciro masa marasa kyan aka sa sababbi. Ya zuba su a buhu, ya hana ni ɗauka, ya hana mai solar ɗauka. Haka ya ratsa ta gaban mutane da buhu a kafaɗa har bakin titi. Tun da nake ban taɓa ganin kaya ya dawo shagonmu ba sai ranar, kuma shi ya ɗauko shi.

Bayan haka ya daina maganar. Zai miƙa kaya da hannu biyu kamar da, amma sai ya ce, "In ta ba ka matsala, maido." Kullum na ji daga bayan labule sai raina ya ɓaci. Don ya ci gaba da faɗin waccan maganar na haɗa na'urar tun farko, ga shi yanzu allo yana kore shi kuma ya yi shiru. Na yi masa magana, ya ce bakin da ya faɗi abu bai tabbata ba ya kamata ya huta.

Bayan sallah na kafa ƙusa ta biyu. Na ɗaura wa biyun nan da na zaɓo a Tsafe jan ƙyalle, na kira shi. Na ce, "Baba, wagga ta hagu ta na'ura ce. Wagga ta dama taka ce, duk wanda kaga dama ka ba shi, ni zan sake zaɓo ma wata."

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, "Wacce kinka hi tabbata da ita?"

Na ce duk ɗaya ne, wallahi duk ɗaya ne, tare na auna su. Ya ce, "To," irin to ɗin da na sani.

Ba a yi nisa ba wata Hajiya ta zo daga Magami, ƙanwar wani tsohon maƙwabcinmu, tana neman kwantirola. Ni na fita alwala ta baya. Ina dawowa na ji muryar Baba a gaban shago, da ƙarfinta kamar da, yana cewa, "Tahi da ita, Hajiya, wagga ba ta dawowa."

Na tsaya da buta a hannu, idona ya ciko. Sai kuma na ɗaga kai na dubi bango. Tasa tana nan a dama, ƙusar hagu ce babu komai.

Na ajiye butar, na mayar da tasa hagu, na shiga neman wani jan ƙyallen.